Yayana ya dawo daga iyaka da ciwon da ba a gani, wace hujja za mu kai?

Malama Gider: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a yi mini uzuri, ba zan ambaci suna ba. Yayana soja ne, kofur-shef, ya yi ritaya a 2021. Ya daɗe a bakin iyaka wajen Mora, a arewacin Kamaru, lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari. A 2016 motarsu ta taka nakiya suna sintiri, mutum biyu da ke zaune kusa da shi suka rasu, shi kuwa jini ya fito masa ta kunne, aka ɗinke masa goshi, ya koma bakin aiki. Fanshon ritaya yana samu. Amma wanda ke gida yanzu kamar ba shi ba. Ba ya barci, ba ya shiga kasuwa, aikin gadi da ya samu a Garwa an sallame shi. An ce mana akwai fanshon nakasa, sai dai wanda muka fara tambaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce ina nakasar, ga ƙafa biyu ga hannu biyu. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mana.

Maman Sadiya: Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya. Irinsu suna da yawa a unguwarmu, shiru kawai ake yi.

Ajudan Mai Ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na yi zaman ofishin bataliya kafin in ajiye kaki, bari in gaya miki yadda masu duba dosiye, wato tarin takardun neman fansho, suke tunani. Kwamitin refom, wato masu duba batun nakasar soja, kafin ya dubi komai, tambaya ɗaya yake yi: aikin soja ne ya jawo ciwon nan, ko daga wani wuri ya zo? Ko likitocin duniya sun taru sun ce mutum ba shi da lafiya, in ba a ɗaure ciwon da wata rana ta aiki ba, fanshon nakasa ba ya fitowa. Saboda haka ranar nan ta 2016 za ku fara kamawa. Kada ku ce "wajen damina" ko "bayan sallah". Rana, wata, wuri, da rundunar da yake ciki.

Mota ba ta taka nakiya har a rasa rai a ce ba a rubuta ba. Shugaban sintiri yana yin kont-randi, wato rahoton abin da ya faru, ana aika saƙo sama, ana yi wa wanda ya ji rauni rapor mai bayyana yadda abin ya faru. Tunda kuma an ɗinke masa goshi, infirmari, wato ƙaramin asibitin sansani, ta sa sunansa a rejista ko da layi ɗaya ne. Layin nan ɗaya da aka rubuta a ranar ya fi wasiƙa shafi goma da za ku rubuta yau. Ku buɗe akwatinsa na ƙarfe ku zazzage: karne, wato littafinsa na asibiti, takardar da aka tura shi yankin Arewa Mai Nisa da ita, biltan, wato takardun albashi na shekarun, takardar tarihin aikinsa da ta ritaya. Abin da ba ku samu ba, shi da kansa ya rubuta buƙata da hannu, da matrikil, wato lambarsa ta soja, yana neman kwafi. Ku leƙa ofishin ONACAM na Garwa, hukumar tsofaffin sojoji ke nan, su nuna muku ƙofar da ake bi. Akwai kuma Sakatariyar Tsofaffin Sojoji a Ma'aikatar Tsaro tun 2011. Kuma duk takardar da kuka miƙa, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku kafin ku juya baya.

Malama Gider: Na gode Baba. Akwatin yana nan, amma ba ya bari a taɓa. Zan lallaɓa matarsa.

Infirmiye Garwa: Baba Ajudan ya yi bayanin rabin farko, bari in kawo na asibiti. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ba zan ce ga ciwonsa ta waya ba, amma abin da kika faɗa ya yi kama da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, wanda ake kira PTSD. Ciwo ne sananne, yana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya: F43.1 a tsohon kundi, 6B40 a sabon da ya fara aiki a 2022. Alamominsa su ne abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya zauna kullum a shirye kamar za a kawo hari, ga saurin firgita da saurin fushi, kuma ya wuce wata guda a haka har ya hana shi harkokinsa. Wani abu da mutane ba su sani ba, yakan jinkirta. Soja yana cikin aiki, ga abokai ga oda, sai ya riƙe kansa. Sai ya ajiye kaki gida ya yi tsit sannan abin ya fito fili. Don haka kada wani ya ce muku tunda ya yi aiki lafiya har 2021, ba daga nakiya ba ne.

Yanzu takarda. Sartifika mai layi biyu da ke cewa "wannan mutum yana da ciwon ƙwaƙwalwa" ba ta kai ku ko'ina. Rapor mai amfani sai ya faɗi sunan ciwon, abin da ya faru da ranarsa, lokacin da alamomi suka fara, maganin da aka ba shi da yadda ya karɓe shi, abin da ba ya iya yi yanzu wanda da yana yi, sannan ra'ayin likitan a fili a kan alaƙar ciwon da abin da ya faru a bakin aiki. Likita ba zai rubuta wannan a zama ɗaya ba, kuma kada ku matsa masa. Ku buɗe karne, ku riƙa zuwa duk ranar da aka ba ku, ku adana kowace ordonans, wato takardar magani da likita ya rubuta, da rasit na kantin magani. Akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira PCL-5, in an cika masa ita a farko a sake bayan wata biyu ko uku, ana ganin tafiyar ciwon. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a arewa, wannan kowa ya sani. Ku fara da asibitin soja na Garwa ko asibitin rejiyon, in ta kama a tura ku asibitin Jamot a Yawunde, to a ba ku takardar turawa ita ma ku ajiye.

Abu na ƙarshe, kunnen nan. Ku je a yi masa gwajin ji. In fashewar ta taɓa kunnen, na'ura za ta nuna, kuma wannan rauni ne da ba mai gardama a kai. Shi zai tsaya wa labarin nakiyar. A kuma gaya wa likita ko ya suma a ranar, don bugun kai ma yana kawo mantuwa da ciwon kai da fushi.

Direban Kusuri: Ni fa in za a ji tawa, ku bar maganar nan. Na ga mutanen da suka ƙare takalma tsakanin Marwa da Yawunde a kan dosiye. Mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare, masauki, tambur, fotokopi, kafin kuɗin ya fito an ci rabinsa. Sannan ku tuna yana da 'ya'ya mata. Ranar da aka ji gwamnati ta buga hatimi cewa ubansu ya taɓu, wa zai zo neman aure? In ma dole sai an yi, akwai masu yin sartifika, ka ba da ɗan wani abu a rubuta maka yadda kake so, ba sai an yi ta jeka-ka-dawo ba.

Ajudan Mai Ritaya: Direba, maganar kuɗin hanya gaskiya ce, ban musa ba. Amma ta ƙarshen ka janye ta. Kwamiti yana da nasa likitocin, su za su sake duba shi ido da ido. Takardar saye, tambaya uku ake yi ta rushe, kuma da ita za ta ja ta gaskiyar su faɗi tare. Bayan haka laifi ne a gaban kotu. Mutum yana da ciwo na gaske, me zai kai shi sayen na ƙarya?

Maman Sadiya: Batun aure kuma Malam Direba, unguwa ai ta riga ta sani. Wanda ake jin ihunsa da tsakar dare ba sai an buga hatimi ba. Gara a ce yana shan magani.

Direban Kusuri: To Hajiya, na ji. Amma ku dai shirya aljihu.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Malama, tambaya nake da ita: kafin yau ina kuka kai shi? Don na san mutanenmu, ba asibiti ake fara zuwa ba.

Malama Gider: Gaskiya Malam, wajen malamin unguwarmu muka fara kai shi, tun yana zuwa hutu a 2017. An yi ruƙiya, an sha rubutu. Mahaifiyarmu ta ce jinnun daji ne suka biyo shi. Yakan ɗan samu sauƙi sai ya dawo. Asibiti kuwa bai taɓa yarda ba, wai kada a rubuta a dosiyensa a hana shi ƙarin girma.

Malam Na Zaure: To ai kun samu shaida ba ku sani ba. Malamin nan in yana raye, ku roƙe shi ya rubuta cewa a shekara kaza, wata kaza, an kawo masa wane, ga halin da ya gan shi a ciki. In da ajami yake rubutu ko Larabci, a fassara, ya sa hannu. Bai kamata ya ce ga ciwon ba, wannan na likita ne, ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai. Yana nuna cewa abin ya fara tun yana cikin kaki, shekara guda bayan nakiyar. Ku kuma gaya wa Hajiya addu'a ba ta hana asibiti. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ni kaina in aka kawo mini tsohon soja, ina yi masa addu'a in ce a wuce da shi wajen likita.

Infirmiye Garwa: Malam ya kawo abu mai kyau. Tsakanin 2016 da yau akwai rami na shekaru da babu takardar asibiti, kuma nan ne za a tsaya a yi tambaya. Shaidar mutane ce za ta cike shi. Ku nemi waɗanda suka san shi kafin ya tafi da bayan ya dawo: limamin masallacinsu, jauro wato mai unguwa, abokin da suke ƙwallo tare, wanda ya sallame shi daga gadi. Shi wannan ya rubuta dalilin sallamar yadda yake. Kuma kada kowa ya rubuta "ya canza" ya tsaya. Me ya canza? Da yana sahun gaba ran Juma'a, yanzu sai bakin ƙofa, in taro ya yi yawa ya fita. Da shi ne kan gaba zuwa faretin 20 ga Mayu, yanzu ranar ɗaki yake kullewa. Ranar layya ba ya iya tsayawa inda ake babbaka. Irin wannan likita ke karantawa ya gane.

Sannan a samu ƙaramin kaye, wato littafin rubutu, a gida, a riƙa rubutawa daga yau: kwanan wata, awa nawa ya yi barci, me ya tayar da shi, me ya yi, tsawon wane lokaci kafin ya dawo daidai. Misali, 31 ga Disamba yara sun tayar da petar, abin wasan nan mai fashewa, ya kwanta ƙasa, ya ja yara ɗaki, bai fito ba sai asuba. Ranar da ya kwana lafiya ita ma a rubuta. Kaye da babu rana mai kyau ko ɗaya, mai karatu zai yi shakkarsa.

Tsohon Sajan, Mora: Ni na yi zamanin nan, tun daga harin Kolofata na Janairun 2015 da na Fotokol a Fabrairu, har lokacin da 'yan Boko Haram suka koma dasa nakiya a hanyoyi. Ƙanwata, a nemi waɗanda ke cikin ayarin a ranar. Wanda ya yi ritaya zai fi sakin jiki ya rubuta, wanda ke cikin kaki sai da izinin manyansa, kada ku sa shi a matsala. Ya rubuta da hannunsa, ya sa matrikil da kwafin katin ɗan ƙasa, a kai komisariya, ofishin 'yan sanda, a tabbatar da sa hannun. Ya faɗi inda shi yake zaune, abin da ya gani, da yadda yayanki ya koma bayan nan. Mu mun san wanda ya daina cin abinci, mun san wanda ke tashi da ihu a tanti, rufa wa juna muke yi. Ba sai an sa sirrin aiki a ciki ba. Kuma don Allah hotunan ranar, in akwai a wayar wani, kada su shigo Facebook ko WhatsApp. Akwai iyalan mamatan.

Kawu Na Amurka: Gaisuwa daga nesa. A nan ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, abu uku take nema, kuma kusan su ne kuka lissafa: likita ya tabbatar da ciwon, a nuna abin da ya faru a bakin aiki, a kuma haɗa su biyun. Suna karɓar wasiƙar abokin aiki da ta mata ko ɗan'uwa. Tun 2010 sun sassauta wa wanda ya yi aiki a inda ake fargabar harin abokan gaba, ba sai ya kawo takardar kowane hari ba in likitansu ya gamsu. Kason nakasar kuma 0, 10, 30, 50, 70 ko 100 ne cikin ɗari, gwargwadon yadda ciwon ya hana mutum aiki da zama da jama'a. Su ma sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ciwon ya shiga littafin likitocinsu.

Ɗalibi A Liyon: A Faransa ma akwai dokar 10 ga Janairun 1992 da ta ɗauki wannan ciwo a matsayin raunin yaƙi, ta kuma yarda cewa yakan bayyana bayan lokaci mai tsawo.

Ajudan Mai Ritaya: Madalla da ilimi, amma kada 'yata ta ɗauki dokar Amurka ko ta Faransa ta shiga da ita ofis a Garwa, za a yi mata dariya. Kwamitinmu da dokar Kamaru yake aiki. Abin da za ta ɗauka daga maganarku shi ne, ko'ina a duniya abin da ciwon ya hana mutum yi ake aunawa. Don haka takardar sallama daga gadi tana da nauyi, kada a yar.

Ɗan Njamena: Ku ba ni dama in sa baki, don ciwon ɗaya ne. Ɗan yayata yana cikin waɗanda suka tsira a Bohoma ranar 23 ga Maris 2020, inda aka rasa sojojin Cadi kusan 100. Kayansa duk sun ƙone, karne da komai. Wanda ba shi da takarda ko ɗaya ta ranar, ina zai kama?

Ajudan Mai Ritaya: Ɗan'uwa, dokokinmu ba ɗaya ba ne, amma dabarar ba ta canzawa. Abin da ya faru a Bohoma ba mai buƙatar a tabbatar masa, duniya ta ji, shugaban ƙasa da kansa ya je wurin. Abin da ya rage a nuna shi ne yaron yana can a ranar. Takardar da ta ƙone a sansani tana da 'yar'uwa a hedikwata: jerin sunayen runduna, takardar tura shi, albashin watan. In an kwashe shi zuwa asibiti a Njamena, rejistar asibitin tana nan. Saƙon da ya aiko gida a makon, kuɗin da aka tura masa ta waya, duk suna ɗauke da kwanan wata. Ku tara ƙanana da yawa su tsaya a madadin babba ɗaya.

Wani Daga Kolofata: Mu 'yan kwamitin sintiri fa? Mu ma mun ga abin da ya hana mu barci.

Tsohon Sajan, Mora: Wallahi kun gani, wani lokaci kafin mu. Sai dai fanshon nakasa na soja na mai matrikil ne. Taku hanyar ita ce ofishin kula da jin daɗin jama'a, akwai dokar 13 ga Afrilun 2010 ta masu nakasa da katin da ake bayarwa, kuma ta haɗa da nakasar ƙwaƙwalwa. Can ma takardar likita za a fara nema.

Malama Gider: Na dawo. An buɗe akwatin, ya fita sallar la'asar matarsa ta ba ni makulli, daga baya muka gaya masa, ya yi faɗa ya huce. Mun samu karne, akwai shafin da aka rubuta ɗinki da jinin kunne, da kwanan wata da hatimi. Alhamdu lillahi. Amma ga wata matsala. Matarsa ta ce ita ba za ta rubuta komai ba. Ta ce shekarun nan duk tana rufa masa asiri, ba za ta ɗauki biro ta rubuta cewa ya taɓa shaƙe ta cikin barci bai sani ba, takarda ta tafi Yawunde ta bi hannun mutanen da ba ta sani ba. Abu na biyu kuma, yana shan tramol. Ya ce a iyaka ya fara, don ya iya tsayuwar dare. Mu faɗa ko mu yi shiru?

Infirmiye Garwa: Kafin dosiye, maganar shaƙewa. Su raba makwanci zuwa lokacin da magani zai kama shi, a kawar da wuƙa da adda daga ɗakin, kuma kada a tashe shi ta hanyar taɓa shi, a kira sunansa daga nesa. In ya taɓa cewa gara ya mutu, ko ya fara rabon kayansa, a ranar za ku kai shi asibiti. Ita kuma matar ba dole ta rubuta ba. Ta zo tare da shi, ta nemi ganin likita ita kaɗai, ta faɗa da baki. Likita zai sa abin da ya dace a rapor ɗinsa, ku roƙi a rufe shi a ambulan da hatimin sirrin likita, likitocin kwamiti ne za su buɗe.

Tramol kuwa a faɗa. Dole. Wasu magungunan da ake bayarwa a wannan ciwo, irin su sertraline, ba sa jituwa da tramol, haɗa su yana da haɗari, shi kansa tramol yana kawo farfaɗiya. Kuma kada ya yanke shi rana ɗaya ba tare da likita ba.

Ajudan Mai Ritaya: A nan zan saɓa da kai, Infirmiye. Ya gaya wa likitan da ke ba shi magani, wannan na yarda, rai ne. Amma a cikin buƙatar da zai rubuta da hannunsa, ban ga dalilin kai kansa ƙara ba. Na san yadda ake karanta dosiye. Mutum yana da tari a gabansa, idonsa ya faɗa kan tramol, shi ke nan ya samu inda zai rataya komai: ƙwaya ce, ba aiki ba ne. Ban ce ya yi ƙarya ba. In an tambaye shi ya amsa. In ba a tambaya ba, ya yi maganar nakiya.

Infirmiye Garwa: Baba, da girmamawa, likitan kwamiti zai tambaya, tambaya ce ta kullum. In ya ji ta daga bakinsa a ranar alhali rapor bai ambata ba, sai ya fara tunanin me kuma aka ɓoye. In kuwa rapor ya riga ya jera: nakiya a 2016, rashin barci bayanta, tramol bayan rashin barcin, to ƙwayar ta zama ɗaya daga cikin abin da ciwon ya haifar. Sananne ne a likitance cewa masu wannan ciwo da yawa suna faɗawa shaye-shaye don neman sauƙi. Abin da ya kamata a bincika shi ne wanne ya riga wanne. Malama, ki tambaye shi a hankali, kafin nakiyar ya fara ko bayanta?

Malama Gider: Ya ce kafin nan yakan sha jefi-jefi kamar sauran, in za a kwana a tsaye. Bayan nakiyar ne ya zama kullum.

Ajudan Mai Ritaya: Ka ji ko? Ga abin da nake gudu. "Kafin nan" ɗin nan kaɗai ya isa.

Malam Na Zaure: Ajudan, ni ban san aikin ofis ba, amma shaidu za su sa hannu, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Kada a sa abokinsa ya rubuta cewa bai taɓa ganin ya sha ba. Wanda bai ambata ba saboda ba a tambaye shi ba, wannan dabam. Ita kuma baiwar Allah a gaya mata, faɗa wa likita don neman magani da haƙƙi ba tonon asiri ba ne. Hindu matar Abu Sufyan ta kai kukan mijinta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce ta yi giba ba.

Tsohon Sajan, Mora: Ni ina ganin ku biyun ba ku yi nisa da juna ba. Buƙatar hannu gajera ce, ba a zuba tarihin rayuwa a ciki, a nan Ajudan ya yi daidai. Rapor na likita kuma ba mu ne za mu gaya masa abin da zai cire ba. Likitan soja da ya yi aiki a Mora ya san bambancin ƙwaya ɗaya ta daren gadi da wanda ba ya iya wuni sai da ita.

Ajudan Mai Ritaya: In an dace da wanda ya yi Mora. Ni dai ina kan bakana, amma ciwon nasa ne, shi zai zaɓa, kuma a tambaye shi, kada mu yanke masa a nan kamar ba ya nan. 'Yata, karnen nan kada ya bar hannunku. Ku yi fotokopi uku na shafin, a tabbatar da su, ki ɗauki hotonsa a waya ki tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye. Duk wanda ya ce ku bar masa na asali, ku ce ya duba a gabanku ya mayar. Ki turo mini shekarar da rundunar ta saƙon sirri, ban da suna, in ga ko cikin 'yan ritayarmu na Garwa akwai wanda ya yi ayari ɗaya da shi.

Malama Gider: Na tura, Baba. Ya yarda da gwajin kunne ranar Litinin, na ƙwaƙwalwa ya ce sai ya yi tunani. Infirmiye, in mun zo gwajin kunnen, ana iya haɗa shi da ku a rana ɗaya ko sai an ba mu wata ranar?

Infirmiye Garwa: Ana iya yi, in kun zo da sassafe. Amma ku gaya masa tun a gida, kada ya ga an juya da shi wata ƙofa bai sani ba. Ku taho da karnen da duk kwalayen maganin da ke ɗakinsa, har na tebur.